Fizar Sadaka a Ƙofar Malahi

Ba zan tsaya ba da labarin ranar da na bar Azare ba, don babu abin da ya same ni ranar wanda bai sami kowane matafiyi ba. Zangona na farko a Alƙahira shi ne Darrasa, a wani ɗaki na hawa na biyar inda mu bakwai muke kwana kamar an jera rake. Karatun addini na zo yi. Mutumin da ya haɗa mini takardu a gida ya rantse cewa gurbina yana nan yana jirana, sauka kawai zan yi in buɗe littafi. Na yi wata huɗu ina zarya tsakanin ofisoshi kafin wani dattijon ma'aikaci ya cire gilashinsa, ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ɗana. Wannan hatimin ba namu ba ne." Na kira lambar mutumin nan, aka ce a kashe take. Har yau a kashe take.

Ban yi kuka ba, ban ma yi fushin da ya kamata ba. Na sauko daga benen na tsaya wajen mai wake da burodi, wanda suke kira ful. Ya dubi fuskata ya ƙara mini ludayi guda, ya ƙi karɓar komai. Na ci a tsaye. Ina jin tun ranar ne wani abu ya sage a cikina, irin yadda ƙafa take yi in an daɗe zaune a kanta.

Ɗakin Darrasa na ɗalibai ne, ni kuwa na tashi daga ɗalibi, komawa gida hannu Rabbana kuma ban ga fuskar da zan yi shi da ita ba. Sai na gangara unguwar Arba wa Nus, wajen 'yan Sudan. Can na yi wata takwas ina dakon siminti da wanke matakalar benaye. Ba su san ni ba, amma duk lokacin da aka sauke tukunya sai wani ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce in wanko hannu. Ta hanyarsu na san Baba Ɗahiru, mai gasa nama a Hayyin Ashir. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun taso aikin hajji a ƙafa suka zauna a hanya, shi kuma yaƙi ya koro shi Masar. Tsirensa sak irin namu ne, da yajin ƙuli da komai, sai dai su agashe suke ce masa. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, in yana magana sai in riƙa jin kamar kakata ce ta yi gemu. Shi ya ce mini wata rana, "Yaro, siminti zai cinye maka ƙirji. Akwai wani gidan fiza, burodin nan na Turawa mai cuku, da ke neman mai wanke faranti. Ka je ka ce ni na aiko ka."

Shagon yana layin da ke fuskantar ƙofar malahi, wato wurin wasan da ake kai yara da manyan da ba su gama girma ba. Daga bakin tanderunmu ana hango babban lilon nan mai kama da ƙafar keke, da wani jirgi da ke hawa sama ya kife da mutane. Tun azahar har a tashi ba abin da kake ji sai ihun waɗanda suka biya don a tsorata su. In sun fito, jiri na ɗibarsu, yunwa na cinsu, sai su faɗo layinmu. Akwai mai koshari a farko, wanda ke haɗa shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya kamar an yi ɓarin kasuwa. Akwai 'yan Siriya masu shawarma, da mai soya hanta irin ta Iskandariya a kan amalanke, da mai matse rake, da wata tsohuwa mai gasa masara a bakin kwalta. A ƙarshen layi akwai wani gidan fiza na gilashi mai na'urar sanyi, inda masu motoci ke shiga. Mu muna tsakiya, tebur shida da tanderu ɗaya.

Mai shagon daban ne, mai riƙe da tanderun shi ne Usta Gabir, mutumin Suhaj ta kudancin Masar, ya haura sittin, gashin baki kamar tsintsiya. Yakan wulwula kwaɓin fulawa a sama har ya zama kamar mayafi, kana iya hango fitila ta cikinsa. Wata shida ina wanke-wanke kafin ya yarda in taɓa cuku. Darasinsa na farko kuwa ba na fulawa ba ne. Ya ce, "Ya Idris, ka dubi mutum kafin ka ji abin da zai ce. Bakinsa zai iya yin ƙarya, garinsu ba ya yi."

Da gaskiyarsa. Ɗan Alƙahira sharƙi yake so, wadda ake shimfiɗa kwaɓi siriri a zuba nama a rufe da wani kwaɓin, sannan a yi mata ado da tumatir da zaitun da koren tattasai. Duk wahalar da ka sha a kanta, zai ɗauki kwalbar katshab, jar miyar tumatir mai zaƙi, ya nutsar da ita, kai kuma ka kau da kai. Mutumin Iskandariya zai ce a sa masa jatan lande ko naman da ake ɗurawa a hanji, yana ci yana gaya maka na garinsu ya fi. Larabawan Gulf da ke zuwa hutu cuku suke so, a yi ta zubawa har ya riƙa bin hannu. 'Yan Siriya ba sa son nauyi, ɗan ganyen za'atar da man zaitun ya ishe su. 'Yan matan jami'a sukan ce itali, mai buɗaɗɗiyar fuska, su ɗauki hotonta su bar gefen. Mutanen Usta Gabir kuwa, na kudu, duk wannan wasan yara ne a wurinsu, a ba su fatir, burodi tsura mai ninki-ninki da man shanu, su dangwala da baƙar zumar rake da wani tsohon cuku mai warin da zai kori baƙo. 'Yan Sudan, in sun samu sun shigo, tambayarsu ɗaya ce, ina barkono. Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi. Cikin shekara uku na kai inda nakan fara murza kwaɓin mutum tun yana tsallako titi. Ni kaina ban taɓa jin daɗinta ba, ban kuma ji rashin daɗinta ba. Nakan ci ne don in iya tsayuwa.

Ni ɗan fari ne. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, na tashi ina kiran mahaifiyata Adda kamar yadda ƙannenta ke kiranta. Ita kuwa ba ta taɓa kama sunana ba, ko da kuskure. In tana nemana sai ta ce wa ƙanwata Hajara, "Ce wa wancan ana kira." Akwai ɗan maƙwabta da aka sa wa Idrisu, shi ma ya rasa sunansa a bakinta, ya koma Mai Suna. Sana'arta masa. Kullum da safe tana bakin tanda a zaure, kuma duk gidan da aka yi rasuwa a unguwarmu ita ake kai wa shinkafa, ta soya ta sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ita kuwa masar gurbin tsakiyar tanda, wadda ta fi soyuwa, takan ajiye ta a wani kwano mai murfi a gefen randa. Ba ta taɓa cewa ta wane ce ba, ba kuma wanda ya taɓa ɗauka sai ni.

Da na zo Masar ma ba a sake zani ba. In na kira, Hajara ce ke riƙe wayar, ni kuma in riƙa jiyo muryar Adda daga nesa tare da ƙarar cokali a kan tanda: "Tambaye shi ko suna samun abinci a can." Ranar da na yi ta maza na faɗi gaskiya, cewa karatu bai yiwu ba, gashin burodin Turawa nake yi, na zaci za a yi faɗa. Saƙon da ta aiko kawai shi ne, "Ce masa sana'ar wuta ba ta son gaggawa."

Wata Litinin da rana, ina cikin barbaɗa cuku, waya ta yi ƙara a aljihuna. Hajara ce.

"Yaya, sai haƙuri. Inna ta cika da asuba. An kai ta da hantsi."

Adda take nufi, ita Inna take ce mata. Na yi salati. Na tambayi abin da ya same ta, ta ce zazzaɓin kwana uku ne. Na ce Allah ya jiƙanta, kamar ana gaya mini rasuwar wata a garin da ban sani ba. Na mayar da wayar aljihu na ƙarasa sharƙi biyu da ake jira a tebur na huɗu. Takardar zamana ta daɗe da mutuwa, in na fita ba dawowa, in ma na tafi tudun ƙasa kawai zan tarar. Ban gaya wa kowa ba, ko Usta Gabir da kafaɗarsa ke gugar tawa. Na yi ta jiran baƙin cikin ya iso, kamar mai jiran mota a tasha, bai zo ba. Abin ya ba ni kunya ƙwarai, sai na ƙara yin shiru.

Wajen kwana talatin Hajara ta sake kira. Ta ce sadakar uku da biskit da dabino aka yi ta, don ba wanda ya iya taɓa tandar, tana nan a kife. Ta ce arba'in kuwa Kawu ya hana, ya ce bidi'a ce, kuma shi ne babba yanzu.

Na zauna da malaman Darrasa daidai gwargwado, na san hujjar masu yi da ta masu hanawa, ba kuma gardamar ce ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, matar da ta soya wa mamatan unguwa guda masar arba'in, ita tata ranar za ta zo ta wuce ba wanda zai ci loma ya ce Allah ya jiƙanta. In ban yi ba, ba mai yi.

Na fara gwada masar. Na jiƙa shinkafarsu, na markaɗa, na sa yis, na bari ta kwana. Babu tanda a Masar, sai na zuba a kaskon suyar ƙwai. Abin da ya fito ya fi kama da ɗanko. Na zuba wa kuliyoyin layinmu, suka sansana suka wuce. Na ga dai abin da hannuna ya iya shi ne fiza, da babu kuwa gara ba daɗi. Na sayi fulawata da cukuna da namana, na je Hayyin Ashir na karɓo yajin ƙuli cike da leda. Baba Ɗahiru ya ce, "Duk wannan, biki za ka yi?" Na ce wani abu ne mai kama da haka.

Rana ba ta ƙarya. Arba'in ta faɗo ran Juma'a, ranar da malahi ta fi cika. Ni ke kunna tanderu da safe, Usta Gabir sai bayan masallaci yake zuwa, don haka shagon nawa ne ni kaɗai. Na yi ƙananan fiza kamar tafin hannu, girman masa. A nan na yi wautar da har yau nake mamakinta. Ni da na san bakin kowa a layin nan, ranar ban tuna da bakin kowa ba sai na mutanen Azare. Na zuba yaji kamar yadda za a zuba wa tsire a bakin tasha.

Da aka sauko daga masallaci na ɗauki babban tire na tsallaka titi, na tsaya a ƙofar malahi. Na tsaya kawai, ban ce komai ba. A gida haka ake yi. Ka fito da faranti, yara su sheƙo, manya su miƙo hannu suna cewa Allah ya kai haske kabari, don kowa ya san gidan da aka yi rashi. Ban taɓa tunanin ana buƙatar bayani ba.

Wasu samari suka fara ɗauka. Ɗaya ya ce, "Sabon shago ne? Ina takardar tallar?" Wani ya tambaye ni katshab. Wata budurwa ta ɗauki hoton tiren ta wuce. Kowa na gode yake cewa, wasu da dariya, wasu suna fifita baki da hannu. Sai wata mata ta ɗauka ta miƙa wa 'yarta ƙarama mai riƙe da balan-balan. Yarinyar ta gatsa, sannan ta fashe da kukan da ya fi na masu jirgi. Uwar ta hau ni da faɗa, uban ya riƙe mini wuyan riga, mai gadin ƙofa ya taso.

"An hana talla a nan," in ji shi.

"Ba sayarwa nake yi ba."

"To me kake yi?"

Bai jira amsata ba. Ya juya ni da kafaɗa ya nuna mini titi. Na koma shago da tire kusan a cike, na ajiye a kan buhun fulawa, na zauna ina kallonsa. Ko mutum ɗaya bai yi mata addu'a ba.

Haka Usta Gabir ya same ni. Ya ɗauki ɗaya ya gatsa, ya yi tari har gashin bakinsa ya jiƙe, ya kwankwaɗi ruwa.

"Shekara uku ina koya maka, ya Idris. Wane maƙiyi ka yi wa wannan?"

"Mahaifiyata na yi wa."

"Ta zo Masar?"

"Ta rasu. Yau kwana arba'in."

Shi ne karo na farko da na faɗa da bakina. Ya ajiye kofin a hankali. Ya kama kaina da hannuwansa biyu masu fulawa ya sumbaci goshina, ya ce dawwama ta Allah ce. Sannan ya ja da baya, sai faɗa.

"Kwana arba'in kana tsaye a gefena, muna cin burodi da gishiri tare, ba ka gaya mini ba? A garinmu ko jakin maƙwabci ne ya mutu ana zuwa a zauna da shi. Ka mai da ni bango."

Na gaya masa yadda muke yi a gida, da masa, da Kawu, da abin da ya faru a ƙofa. Ya girgiza kai ya ce waɗancan wasa suka zo yi, ba wanda ke zuwa lilo da Fatiha a baki. Sannan ya tambaye ni, "Kai ne babbanta?" Na ce ni ne na fari. Bai tambayi sunanta ba. A wajensu ba a tambayar namiji sunan uwarsa.

Ya ja ƙofar shago rabi, ya ce in mai shagon ya zo shi zai yi masa bayani. Ya ciro kwaɓin da aka tanada don cinikin ranar, ya murza shi da man shanu da madara, ya yi ƙananan dunƙule ya barbaɗa riɗi. Ya ce ƙuras ke nan, burodin da matansu ke kaiwa maƙabarta a raba don mamaci. Ina ɗokin kada rana ta yi nisa sai na ƙara wuta. Ya buge mini hannu ya rage ta, na kuwa tuna saƙon da aka taɓa aiko mini daga zaure.

Da suka gasu ya ɗauki tire ɗaya, ya ce in ɗauko nawa mai yajin in biyo shi. Ba ƙofar gaba muka nufa ba, lungun baya muka zaga, inda ma'aikata ke fakewa daga rana. Masu shara suna nan, da masu juya lilo da suka fito shan iska, da masu gadin motoci, da matan Sudan masu sayar da shayi, da mazansu masu wanke-wanke a shagunan layi. Usta Gabir ya tsaya ya ɗaga muryar nan tasa ta kasuwa.

"Rahama da haske. Fatiha ga Ummu Idris."

Wallahi sai da na waiga in ga wace ce ake nufi. Sannan na gane. A Masar da sunan ɗan fari ake kiran mace, shi ne girmanta.

Suka taso ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ɗauka sai ya buɗe tafin hannu ya motsa leɓe. Usta Gabir yana ba 'yan ƙasarsu ƙuras, yana tura mini 'yan Sudan. Wata mai shayi ta gatsa tawa ta ce wannan ai agashe ne a kan burodi, ta kira sauran, kafin ka ce kwabo tiren ya koma fayau. Mai gadin da ya kore ni ya zagayo shan shayi, ya ji abin da ake yi, ya dube ni ya cire hularsa ya karanta tasa. Ana ta maimaitawa, Ummu Idris, Ummu Idris, a bakin mutanen da ba su san inda Azare take ba. Tsohuwa mai masara ce ta ƙarshe. Ta karɓa da hannu biyu, ta dubi sama ta ce, "Allah ya jiƙan ki, ya Ummu Idris. Kin haifa, kin kuma yi tarbiyya."

A nan ne mutuwar Adda ta iso ni. Shekara ashirin da tara sunana bai shiga bakinta ba, ga shi yau da shi ake nemar mata rahama. Na zauna a bakin kwalta kusa da gawayin tsohuwar na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina ɗakin kakata. Bayan katanga jirgin nan yana ta kifewa da mutane suna ihu. Usta Gabir ya tsaya a gabana ya ba ni baya, ya kare ni daga idon jama'a da faɗin rigarsa.

Da la'asar na kira Hajara na ce mata an yi wa Adda arba'in.

"A can? Da wane suna aka yi mata addu'ar, su da ba su san ta ba?"

"Da nawa. Ummu Idris suka ce, wato uwar Idrisu."

Sai na ji tana dariya da kuka a haɗe. "Da tana nan da ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ba da ita ake ba."

Na ce haka ne.

"Yaya, ka tuna kwanon nan mai murfi? Tun da ka tafi ba ta fasa ajiye ta tsakiyar tanda ba, ko rana ɗaya. In hantsi ya yi sai ta ce in kai tasha in ba duk baƙon da na ga ya sauka shi kaɗai. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce in daina surutu in je kafin ta huce."

Na tuna mai ful na Darrasa da ludayinsa, da ƙwanƙwasar 'yan Sudan, da Baba Ɗahiru. Shekara huɗu ban taɓa kwana da yunwa a Masar ba, ni kuwa duk tsawon lokacin nan ina ɗauka dabarata ce.